Yadda ake tantance tsohon saitin gahawa na azurfar Amurka, a yi masa kuɗi, a kuma kula da shi

Bayan da aka gano ɗimbin azurfa a mahaƙar Comstock ta jihar Nevada a 1859, azurfa ta yi araha a Amurka, masu hali kuma suka shiga yayin ajiye saitin gahawa da shayi a ɗakin baƙi. Daga wannan lokaci har zuwa wajen 1940 masana'antu sun yi ta ƙera irin waɗannan kaya, kuma su ne yau suke yawo a gidajen gwanjo da shagunan tsofaffin kaya. Matsalar ita ce masana'antun nan sun kuma ƙera wasu masu kama da su sak, na jan ƙarfe ko wani gaurayen ƙarfe da aka yi wa ruwan azurfa. Daga sama ido ba ya rabewa. Don haka aikin tantancewa daga gindin buta yake farawa.

Ka tanadi gilashin ƙara girma mai ninki goma, sikelin da ke auna giram har zuwa kilo biyar, tocila, tawul mai laushi da za ka kifa kayan a kai, da ruwa mai tsabta.

Me ake kira saiti

Cikakken saiti yakan zo da guda biyar: butar gahawa, butar shayi, kwanon sukari mai murfi, 'yar butar madara, da wani buɗaɗɗen kwano marar murfi wanda ake juye ragowar shayin da ya huce a ciki. Manyan saiti suna ƙarawa da tukunyar ruwan zafi da ke zaune a kan murhunta, da kuma tire. Butar gahawa ita ce doguwa mai siririn jiki, don gari ya kwanta a ƙasa kada ya biyo baki. Ta shayi gajera ce mai faɗin ciki, don ganye ya samu wurin buɗewa. Ƙaramin saiti na bayan cin abinci guda uku ne kawai: siririyar buta, kwanon sukari, da butar madara.

A kula da tire. Sau da yawa guda biyar ɗin duk azurfa ne, tiren kuwa ruwan azurfa ne, domin tiren azurfar gaske shi kaɗai yana iya kai nauyin sauran kayan baki ɗaya, masu saye kuma sukan guji tsadarsa. Mai sayarwa zai ce "saitin azurfa mai guda shida", kuma bai yi ƙarya sosai ba. Kai ne za ka kifa tiren ka karanta nasa hatimin daban.

Mataki na farko: karanta ingancin ƙarfen

Azurfa zalla ta yi laushi da yawa, ba ta jure aikin buta. Shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe. Ma'aunin da ake kira sterling shi ne kashi 925 na azurfa cikin 1000, sauran 75 jan ƙarfe. Don kwatance, tsohuwar dalar Maria Theresa da maƙeran fari suka daɗe suna narkarwa su yi mundaye kashi 833 ce.

Ingila tana da ofisoshin gwaji da ke buga hatimi a kan kowane kaya. Amurka ba ta taɓa samun irin wannan tsari na ƙasa baki ɗaya ba, in ka ɗebe birnin Baltimore da ya gudanar da nasa ofishin daga 1814 zuwa 1830. Maƙeri ne da kansa yake buga abin da ya ce ƙarfensa ne, sai a 1906 aka yi dokar tarayya da ta haramta buga hatimin inganci na ƙarya. Abin da za ka nema shi ne kalmar STERLING, ko 925, ko 925/1000. Kayan Amurka da aka ƙera bayan 1870 in dai azurfar gaske ne, kusan kullum za su faɗa da bakinsu, domin babu mai ƙera azurfa ya ɓoye. In ka ga tambura huɗu ko biyar masu kyau, kambi da garkuwa da haruffa, amma babu wannan kalma, to ka ɗauka ruwan azurfa ne har sai an nuna maka akasin haka.

Kayan da suka girmi wannan lokaci galibi na ma'aunin kuɗin tsaba ne, wajen kashi 900, kuma za ka ga COIN ko PURE COIN, ko ma sunan maƙeri kawai. Waɗannan azurfa ce ta gaske, wani lokaci ma sun fi daraja saboda tsufansu.

Akwai kalmomin da da zarar ka gan su magana ta ƙare: EP, EPNS, EPBM, QUADRUPLE PLATE, TRIPLE PLATE, SILVER SOLDERED, duk ruwan azurfa ne. NICKEL SILVER da GERMAN SILVER kuwa ko ƙwayar azurfa babu a cikinsu, suna ne kawai. Rubutun 1847 ROGERS BROS ma yana yaudarar mutane da yawa: sunan kasuwanci ne na kayan ruwan azurfa, 1847 ɗin ba shekarar ƙira ba ce. Sai WEIGHTED ko REINFORCED tare da STERLING, wanda ke nufin fatar azurfa ce siririya aka cika gindinta da wani abu mai nauyi. An fi ganin haka a ƙananan kwanukan sukari da butocin madara na tsakiyar ƙarni na ashirin, kuma sikeli ba zai gaya maka gaskiyar azurfar da ke ciki ba.

Gwajin maganaɗisu ba ya tabbatar da komai. Azurfa ba ta kama shi, amma jan ƙarfe da tagulla ma ba sa kamawa. Gwajin asid kuma sai an goge wuri da zarto an ɗiga, wanda zai bar tabo. Ba a yi wa kaya mai hatimin sanannen kamfani. Ko na'urar da ke karanta ƙarfe da haske sama-sama take gani, ruwan azurfa mai kauri yana iya ruɗa ta. Abin da ya fi shi ne ka haska tocila a wuraren da hannu ya fi gogewa, wato ƙasan ƙafafu, gefen hannu da saman ado. In launin ja ko ruwan ɗorawa yana leƙowa, ka samu amsarka.

Mataki na biyu: waye ya ƙera, kuma yaushe

Nan ne kuɗi ke bambanta, don haka a tsaya a karanta da kyau.

Gorham, wanda Jabez Gorham ya kafa a Providence ta jihar Rhode Island a 1831, shi ne wanda za ka fi cin karo da shi. Hatiminsa zaki ne, da anga ta jirgin ruwa, da harafin G. Ya koma ma'aunin 925 a 1868, kuma a wannan shekarar ya fara buga harafin shekara: A ita ce 1868, B 1869, haka har Q a 1884. Daga 1885 zuwa 1933 sai ya koma amfani da ƙananan zane-zane, kowace shekara da nata, kuma akwai jadawalinsu da aka wallafa wanda za ka iya gwadawa da shi. Zakin da angar sukan sa sabon shiga ya zaci kayan Ingila ne, tunda anga ita ce alamar ofishin gwaji na birnin Birmingham. Kalmar STERLING a ƙarƙashi ita ce ke tona asiri, domin tsofaffin kayan Ingila ba sa rubuta ta. Mafi tsada a kayan Gorham shi ne jerin Martelé, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1890 ƙarƙashin William C. Codman. Da guduma aka ɗaga kowane guda daga faifan azurfa, kuma ingancinsa ya haura na sauran: 950 da farko, daga baya 9584 cikin 10,000. Sawun guduma a jikinsa ado ne, ba lahani ba.

Tiffany na New York ya fara a 1837 a matsayin shago, kuma masana'antar John C. Moore da ɗansa Edward C. Moore ce take yi masa azurfa kafin ta zama tasa a 1868. A gindin kayansa za ka ga sunan kamfani, kalmar MAKERS, lambobi biyu, da harafi ɗaya. Lamba ta farko ta zanen ce, ta biyu ta oda. Harafin yana nuna wanda ke jagorancin aikin a lokacin: babban M na Edward Moore har 1891, T daga nan zuwa 1902, C daga 1902 zuwa 1907, ƙaramin m kuma daga 1907 zuwa 1947. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki shekarar lambar zane a ce ita ce shekarar buta. Zanen da aka fara a shekarun 1880 ana iya sake ƙera shi a 1925 da lambarsa ta asali. Harafin ne zai nuna maka hakan, kuma tsakanin biyun akwai tazarar kuɗi.

Samuel Kirk ya buɗe shagonsa a Baltimore a 1815, kuma shi ya yi suna da adon furanni da ake bugowa daga cikin ƙarfe har su taso su rufe jikin buta gaba ɗaya. Tsofaffin kayansa sukan ɗauki 11 OZ, wato kashi 11 cikin 12, kimanin 917, don haka rashin kalmar STERLING a kansu ba abin tsoro ba ne. Yadda aka rubuta sunan yana ba da zamani: S. KIRK & SON daga 1846 zuwa 1861, SONS mai nuna jam'i daga 1861 zuwa 1868, a sake komawa SON har 1896, sai SON CO. daga 1896 zuwa 1924, sannan INC. Stieff, maƙwabcinsa a Baltimore tun 1892, yana irin wannan ado, kuma shi ya saye Kirk a 1979.

Reed & Barton na Taunton a Massachusetts ya daɗe yana kayan ruwan azurfa kafin ya fara azurfa ta gaske a 1889, saboda haka sunansa kaɗai bai isa hujja ba. Na gasken yana ɗauke da gaggafa, harafin R da zaki, tare da STERLING. Zanensa Francis I na 1907, mai 'ya'yan itatuwa, har yanzu yana da kasuwa. Haka abin yake da International Silver na Meriden a Connecticut, wanda aka haɗa daga kamfanoni da yawa a 1898: ya yi duka biyun, a karanta da kyau. Whiting, Durgin, da Dominick & Haff ƙananan sunaye ne amma aikinsu mai kyau ne; Gorham ya haɗiye na farko da na biyu, Reed & Barton ya haɗiye na uku a 1928.

Wani abu kuma: sunaye irin su Bailey, Banks & Biddle ko J. E. Caldwell na Philadelphia, ko Black, Starr & Frost na New York, sau da yawa na shagon da ya sayar ne. Ka nemi ƙaramin tambarin maƙeri a gefensa.

Mataki na uku: shin 'yan gida ɗaya ne

Jera gindin kayan duka a kan tawul. A saitin asali hatimin iri ɗaya ne, lambobin zane ko dai ɗaya ne ko suna bin juna a jere, alamar shekara kuma ɗaya ce ko makusanciya. Bambancin shekara ɗaya ko biyu ba komai ba ne, domin iyalai sukan saya kaɗan-kaɗan. Bambancin shekara talatin yana nufin wani ne ya harhaɗa daga baya. Duba haruffan sunan mai shi da aka zana a jiki: in salon rubutun butar madara ya saɓa da na sauran, ko ita ba ta da shi sam, baƙuwa ce. Kwatanta tukkun murafu, ƙafafu da lanƙwasar hannaye. Saitin da aka harhaɗa ana iya amfani da shi lafiya lau, sai dai bai kamata a biya masa kuɗin na asali ba.

Mataki na huɗu: neman lahani

Fara da murfi. Buɗe shi ka girgiza a hankali. Hinji mai kyau ba ya rawa gefe da gefe, murfin kuma yana zama daidai a bakinsa. Ɗora butar a kan tebur mai shafe ka ga ko tana gurgunta. Ƙafar da aka danna cikin jiki tana nuna an taɓa yar da ita, kuma daga ciki za ka ga kumburi a wurin.

Cika ta da ruwa har sama da inda bakin zuba ya haɗu da jiki, ka ajiye a kan busasshiyar takarda na minti goma sha biyar. Yoyo yakan fito daga gindin baki, daga inda hannu ya manne, ko daga ƙananan hudoji a saman furannin da aka goge har suka huje. A kayan Kirk da makamantansu, sa tocila a ciki cikin ɗaki mai duhu. Duk inda haske ya ɓullo huda ce.

Gyaran dalma shi ne babban abin gudu. Za ka gane shi da launin toka marar sheƙi da laushin da farce ke iya kartawa. Illarsa ba muni kaɗai ba ce: duk ranar da aka kai butar ga ƙwararre ya sa mata wutar da ake like azurfa da ita, dalmar za ta ci cikin ƙarfen ta bar rami. Dole sai an kankare ta tas kafin a yi gyara na gaskiya, kuma wannan aiki ne mai tsada. Ga kuma haɗarin shan abu mai zafi daga inda dalma take.

Sai wurin da aka goge sunan tsohon mai shi. Dillalai sukan kankare haruffan don kayan su yi saurin shiga, abin da ke rage kaurin ƙarfen. Huro numfashi a tsakiyar jikin buta: inuwar tsohon zane takan bayyana a cikin tururin. Shafa da yatsa, za ka ji ɗan kwari. Danna a hankali da babban yatsa. In wurin ya motsa, ya yi siriri ƙwarai. A ganinmu buta mai haruffanta na asali ta fi wadda aka kankare, ko da sunan ba naka ba ne.

In ka ga dabbare-dabbare masu launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi da ba sa fita da gogewa, tabon wuta ne: jan ƙarfen cikin gauraye ne da ya ƙone tun a maƙera, aka rufe shi, yawan goga ya tono shi. Ƙara gogewa ƙara faɗaɗa shi ne.

Hannun buta na azurfa yana da ƙananan zobba biyu farare, sama da ƙasa, masu hana zafi isa ga hannu. A tsofaffin kaya yawanci hauren giwa ne. Ƙarƙashin gilashi haure yana nuna layuka masu gicciye juna a gefen da aka yanka, ƙashi yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe, roba kuwa sumul take. Wannan ya shafi wanda zai yi oda daga waje kai tsaye, domin yarjejeniyar CITES, mai kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, ta ɗaure cinikin haure tsakanin ƙasashe, Amurka ta tsaurara dokarta a 2016, ta Birtaniya kuma ta fara aiki a 2022. Saboda zobba biyu ana iya riƙe kaya a kwastan. Ka tambayi mai sayarwa a rubuce, in haure ne a canza su da na roba kafin a turo.

Mataki na biyar: lissafin kuɗi

Ana auna azurfa da oza ta masu daraja, wadda take giram 31.1, ba ozar kasuwa mai giram 28.35 ba. Wasu masu sayarwa sukan rubuta ta biyun don lambar ta yi yawa, don haka ka nemi nauyi a giram. A ce guda biyar sun auna giram 2,400. Ninka da 0.925, ka samu giram 2,220 na azurfa zalla. Raba da 31.1, ka samu oza 71.4. Ninka wannan da farashin azurfa na ranar, shi ne ƙasan darajar kayan, ko da yake mai narkarwa ba zai biya ka cikakkensa ba. In hannun katako ne, ɗebe nauyinsa. Murhun tukunyar ruwa ma wani lokaci ba azurfa ba ne.

Saiti na zanen da aka yi da yawa, na International ko Gorham na ƙarni na ashirin, yakan tsaya kusa da wannan lamba. Tiffany na zamanin Edward Moore, Martelé, da tsohon Kirk sukan ninka ta. A gwanjo ka tuna da la'adar gidan, wadda sau da yawa takan kai kashi 25 cikin ɗari a kan kuɗin da ka taya, ga kuɗin jigila da inshora. Rubutu irin 2 1/2 PINTS a gindi ba nauyi ba ne, yawan abin da butar ke ci ne: kowane ɗaya mililita 473, wato kusan lita 1.2.

Wanki, goga da ajiya

Baƙin da ke hawa azurfa ba tsatsa ba ce. Farar wuta da ke cikin iska ce take haɗuwa da saman ƙarfen, kuma ƙwai, albasa, robar ɗauri, ulu, jarida da hayaƙin janareta duk suna hanzarta shi. Kowace goga tana ɗebe ɗan azurfa, shi ya sa hanawa ta fi cirewa.

Fara da kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi, musamman a lokacin hunturu, domin ƙurar tana da yashi kuma tsumma zai ja ta ya karce jikin. Shimfiɗa tawul a cikin roba, zuba ruwan ɗumi lita huɗu da ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke, wanda babu lemon tsami ko bilic a ciki. Wanke guda ɗaya-ɗaya, kada su bugi juna. Kada ka nutsar da hannun katako ko zobban haure, domin suna shan ruwa su tsage. Ɗauraye ka tsane nan take da auduga.

In baƙin bai fita ba, yi amfani da man goge azurfa mai laushi irin na Wright's, Hagerty ko Goddard's. Masu adana kayan tarihi sukan kwaɓa tataccen garin alli na ɗakin gwaji, cokali biyu da ruwa kaɗan har ya yi kaurin kindirmo. Allin allo ko na kasuwa bai dace ba, yana karcewa. Shafa da auduga a miƙe, kana canza ta da zarar ta yi baƙi, ka riƙe jikin butar ba hannunta ba. Ɗora yatsa a kan hatimi kada ka goge shi. Baƙin da ke cikin lungunan furanni kuwa a bar shi, da gangan maƙeri ya sa don adon ya fito.

Saboda wannan baƙin ne ba a tsoma irin waɗannan kaya a ruwan sinadarin da ke cire baƙi nan take, ko a dabarar nan ta takardar alminiyom da bakar soda a ruwan zafi. Suna wanke lungunan fes, adon ya mutu, saman kuma ya yi fari fat. Toka, yashi, soson ƙarfe da man goge baki su ma a nisanta su. Cikin kwanon sukari da butar madara sau da yawa ruwan zinare ne siriri, sabulu da ruwa kawai yake so.

Don cikin butar gahawa, zuba manyan cokula biyu na bakar soda a lita ɗaya ta ruwan zafi, bar shi awa ɗaya, wanke bakin zuba da siririn burushin kwalba, ka ɗauraye sau uku. Ba a dafa gahawa a cikinta kuma ba a ɗora ta a wuta. A wata tukunya ake dafawa, a ɗumama butar da ruwan zafi na minti biyu, a zubar, sannan a juye. Madara da gishiri ba sa kwana a cikin azurfa, gishiri ma huda yake yi.

Wajen ajiya, bar murafu a ɗan buɗe har ciki ya bushe sarai, sannan a naɗe kowane guda daban a yadin hana baƙi ko tsohuwar auduga da aka wanke. Kada a ɗaure da robar ɗauri, kada a naɗe da ledar abinci mai mannewa, domin tana barin sawun da ba ya fita. A sa 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi a cikin kabad, a canza su a farkon damina da kuma tsakiyarta.